Zankwaye Huɗu A Yatsar Kakata

Na san wasu da sun ga kan rubutun nan za su ce ga wata ta zo mana da hirar sarƙa da ɗan kunne ana tsakiyar fama da furojet da kuɗin haya. Ku ɗan yi mini haƙuri, maganar ta shafi furojet ɗin, ta kuma shafi kuɗin.

Ni 'yar Jibiya ce, ina ajin ƙarshe na difloma a sashen zanen gine-gine. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, tana da wani zoben azurfa da tun da na yi wayo nake ganinsa a yatsarta. Fuskarsa mai kusurwa huɗu ce, tsakiyar ta taso kamar an kifa 'yar ƙwarya, kowace kusurwa kuma da ɗan tsininta. Ta ce na mahaifiyarta ne, wani maƙerin fari ya yi shi a Maraɗi. Dala guda aka narka aka fitar da zobe biyu, ɗayan ya ɓata a wani biki. Dalar nan ita ce tsohon kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tariza, wanda ake ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, fatake suka yi ta shigo da shi ƙasar Hausa. Mu mutanen bakin iyaka har gobe ba mu rabu da sunan ba, domin in za ka yi ciniki da sefa a Ɗan Isa ko Maraɗi, da dala za a lissafa maka.

Kusan shekara ashirin ina kallon zoben nan, ban ga komai ba sai tsohon ƙarfe da ya yi baƙi a lunguna. Sai a hutun simistar farko, bayan mun sha zanen rufin soro ta sama har hannu ya gaji, ina zaune Inna na ɓarar gyaɗa, idona ya faɗa kan yatsarta. Soro ne wallahi. Katanga huɗu, tulluwa a tsakiya, zanko a kowace kusurwa. Abin da aka sa mu zana da fensir da rula, wani maƙeri da bai taɓa shiga aji ba ya riga ya zana shi da azurfa tun ba a haifi mahaifina ba.

Na ce, "Inna, kin san soro kike yawo da shi a hannu?"

Ta ce, "Ke kishiya, sai yau boko ya buɗe miki ido? To da me kike so ya yi kama, da bukka?"

Ra'ayina ke nan a taƙaice: magini da maƙerin fari rijiya ɗaya suke sha, kuma mu da muke karatun zane, ko na gini ko na kayan ado ko na tufafi, mu ne muke tsaye muna kallo ana cike rijiyar da ƙasa.

Bari in fara da Turawa, tunda na lura ɗalibi bai cika yarda da abu ba sai an ce masa an yi shi a waje. Duk wadda ta taɓa neman hoton tsofaffin zobban daimon a Pinterest ta ci karo da salon da ake kira Art Deco. Sunan ya samo asali daga wani babban baje kolin kayan ado da aka yi a birnin Faris a 1925. Zobban wannan zamani ba su da furanni da lanƙwashe-lanƙwashe irin na gabaninsu, sai layi miƙaƙƙe, kusurwa, da hawa-hawa kamar matakala. In ka ɗora hoton irin wannan zobe kusa da hoton benen Chrysler da aka gama a 1930, ko na Empire State na 1931, duka a birnin Niyu Yok, za ka rantse hannu ɗaya ya zana su. Benayen suna tsukewa mataki-mataki ne saboda wata doka ta 1916 da ta tilasta wa mai dogon gini ya riƙa ja da baya in yana yin sama, don haske da iska su kai ga titi. Doka ce ta tsarin gari, amma ta zama abin sha'awa, ido ya saba da ita, masu kayan ado suka bi. Yankan daimon mai matakala, irin wanda gidan Asscher na Amsterdam ya fito da shi a 1902, ya riga benayen zuwa duniya, amma a shekarun 1920 kasuwarsa ta buɗe sosai, lokacin da mutane suka fara son su ga gini a yatsa. Sannan ga ƙarfen filatinam, mai ƙarfin da ya ba maƙeri damar riƙe dutse da siririn ƙarfe ba tare da ya lanƙwashe ba, kamar yadda ƙarfen gini ya ba injiniya damar yin sama ba tare da katanga mai kauri ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake sayar da waɗannan zobba yau. Ba a ɗora su a sikeli kawai a biya kuɗin nauyi. Ana biyan zamaninsu, da hannun da ya yi su, da labarinsu, saboda wasu sun zauna sun rubuta, sun ɗauki hoto, sun ajiye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ka shiga Katsina ka tsaya gaban Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Hawa-hawa take, gindi mai faɗi, sama na tsukewa. Ba dokar Amurka ta sa ba, ƙasa ce ta sa. Ginin tubali in bai yi kauri a ƙasa ya yi sauƙi a sama ba, damina biyu ta ishe shi. Haka ma bakan gizo. Azara daga giginya ake tsago ta, kuma akwai iyakar faɗin da za ta iya ɗauka ita kaɗai, bai wuce kamu huɗu ko makamancin haka ba. Magini da ke son ɗaki mai faɗi sai ya riƙa jera azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, yana ɗaurewa yana shafe ta da ƙasa, har ɓangare biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Kyan da muke gani a hoton cikin masallacin nan, asalinsa gajartar azara ce. Mutumin ya san iyakar kayan aikinsa, sai ya mai da iyakar ado.

Maƙerin fari ma haka yake. Azurfa tana da taushi. In ya yi fuskar zobe a shafe, za ta loɓa. In ya taso da ita kamar tulluwa, sai ta yi ƙarfi da ƙarfe kaɗan, dalili ɗaya da ya sa magini ke taso da rufi. 'Yan tsinin da ke kusurwa kuwa su ke fara cin karo da turmi da murfin tukunya, su kare tsakiyar. Zoben Inna ya sha aikin gida na mata biyu, tsinin sun side, tulluwar na nan.

Kada wani ya ce na ce gini ne uba, ado ɗa. Abin ya fi haka cakuɗewa. Kalmar zanko kanta, kafin ta hau kan soro, a kan mutum take da kan zakara. Masu shafe da suka ƙawata fuskar gidaje a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram sun ɗebo zane da yawa daga aikin allura na babbar riga da aikin dukawa. Dagi yana bango, yana wuyan riga, yana jikin sirdi, yana faifai. Kuma ba mutane ne masu tsoron sabon abu ba, domin da keke da agogo da jirgin sama suka shigo ƙasar nan, sai ga su a bangon zaure an zana su da ƙasa. Abin da ya faru shi ne magini da maɗinki da baduku da maƙeri unguwa ɗaya suke, kasuwa ɗaya suke ci, kowa na leƙen aikin kowa. Mu kuma a poli, mai zanen gini na wannan bulok, mai zanen kaya na wancan, mai karatun narka ƙarfe na can wani wuri, sai mu gama shekara biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma a wajen mai awara.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu riƙe wannan igiya, gaskiya ɗaya ce. Abin wuyan azurfar nan da Turawa ke kira kuros ɗin Agadas, maƙeran Abzinawa ne ke yinsa ta hanyar siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba azurfa a gurbinsa. An lissafa irinsa guda 21, kowane da sunan wurin da ake danganta shi da shi, akwai na Tawa, akwai na Damagaram, akwai na Ingal. Wato gari yana da abin wuyansa kamar yadda yake da hasumiyarsa. Agadas ta riƙe duka biyun, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 da kuma kuros ɗin, tsohon garin ma ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. A Yama, cikin jihar Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa. Mace ce 'yar Nijar, kuma duk ranar da sitidiyo ya ishe ni, hoton aikinta nake buɗewa. To mu fa? Ina abin wuyan Katsina? Ina ɗan kunnen Daura? Muna da Gobarau, muna da Ƙofar Soro, muna da rijiyar Kusugu, amma in baƙo ya zo yana neman tsaraba, sarƙar da aka ƙera a wata nahiya za mu miƙa masa.

Na ce maganar ta shafi kuɗi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Kafin nan ma mun sha rufewar da aka fara a Agustan 2019, wadda ba ta saki Jibiya ba sai 2022. Wanda ba ɗan bakin iyaka ba ne ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. Babanmu direba ne, Katsina zuwa Maraɗi. Mota ta kwana a ƙofar gida wata da watanni, daidai lokacin da sunana ya fito. Umma ta shiga ɗaki ta fito da mundaye biyu na azurfa da wasu awarwaro da ta gada, muka tafi kasuwa ranar Lahadi. Mai sayen ya goga su a dutse, ya ɗora a sikeli, ya latsa kalkuleta. Jikin mundayen nan cike yake da zane, layi-layi da 'yan kusurwoyi irin na bakin ƙofar zaure. Ko kallonsu bai yi ba. Umma ta ce, "Alhaji, aikin da ke jiki fa?" Ya ce, "Hajiya, aiki ai wuta za ta cinye shi." Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan, kuma bai tauye mu a nauyi ba. Da kuɗin aka cika rajistata. Abin da ke ci mini rai shi ne ina da waya a hannu, kuma ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Lokacin ban san abin da nake kallo ba. Zoben Inna ya tsira ne kawai don ya ƙi fita daga yatsa.

Kun tuna zobban Turawan nan da ake biyan labarinsu? Bambancin ke nan. Nasu an rubuta, namu ana aunawa.

Na yi wannan hirar da 'yan ɗakinmu a hostal, kuma ba su bar ni na sha da daɗi ba. Ɗaya ta ce, ke dai faɗi gaskiya, in aka kawo lefenki da azurfar maƙera maimakon zinaren Dubai, ba za ki yi kuka ba? Wata ta ce zinare ai banki ne na mace, ranar tsiya shi ake ɗagawa. Wannan ta biyun ba ni da bakin musa mata, ni da aka sayar da kayan uwata don in yi karatu. Mace ta sayi zinare, Allah ya ƙara buɗi. Amma zinare ƙarfe ne, zane kuma daban. Gram ɗin da aka ƙera a Dubai da wanda aka ƙera a Katsina, ranar sayarwa sikeli ɗaya za su hau, kuma duka biyun kuɗin aikin da kika biya ba zai dawo ba. Tunda dai za ki yi asarar kuɗin aikin ko ta yaya, me zai hana ya faɗa aljihun maƙerin garinku, ki kuma sa abin da ba za ki tarar da mata goma sanye da irinsa a wajen kamu ba?

Maganar ƙauyanci kuwa, ita ce ta fi ba ni dariya. Mun rushe soro mun yi ɗakin bulo da kwano, watan Afrilu ya zo muna kwana a tsakar gida saboda ɗaki ya zama tanda, wai mun waye. Amma akwai gaskiya a cikin ƙorafin. Da yawa daga kayan da maƙeranmu ke yi yanzu gamawarsu ba ta da kyau, bakin yana kartar fata, maƙalin ɗan kunne yana karyewa, girman zobe sai an yi ta gwaji. Yarinyar da ta saba da kaya masu santsi ba za ta saya don kishin al'ada ba, kuma bai kamata a ce ta saya ba. A nan ne ɗan poli ke da abin bayarwa, wato awo daidai, zane mai ma'auni da za a iya maimaitawa, da sanin yadda ake goge ƙarfe. Maƙeri kuma yana da abin da AutoCAD ba zai koya mana ba.

Ga samari, ku taku ta fi sauƙi. Tunda addini bai halatta wa namiji zinare ba, kasuwar zoben azurfa a raye take, ku duba yatsun 'yan ajinku ranar Juma'a. Kusan duka shigo da su ake yi, dutse ja ko baƙi a tsakiya, zane iri ɗaya. Wannan kasuwa ce da ke gabanmu, ba sai an ƙirƙiro ta ba.

Sai dai ina roƙo, kada a ce an ji maganata a je a manna dagi a kan komai. Tun zamanin Sardauna dagi ya zama tambarin Arewa, yanzu yana get, yana shatale-tale, yana kwalin biredi, har ya gaji. Manna tambari ba zane ba ne. Abin ɗauka a wajen magini shi ne tunaninsa, yadda nauyi ke sauka, yadda kauri ke raguwa in ana yin sama, yadda zurfin shafe ke kama inuwa da hantsi ya sake ta da la'asar. Ɗauki rufin da ake kira ɗaurin guga, inda baka biyu ke gittawa a tsakiyar ɗaki. Juya shi ya kalli sama, ka rage shi ya dawo girman ƙwayar gyaɗa, ka samu hannaye huɗu da za su riƙe dutse a kan zobe. Kamfanin Tiffany ya yi suna tun 1886 da zobe mai hannaye shida da ke ɗaga daimon sama don haske ya ratsa shi. Namu hannayen suna saman kanmu a zaurukan kakanni, ba mu ɗaga ido ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Duk shekara muna rubuta furojet a kan babban kanti ko otal mai hawa goma da ba wanda zai gina, a ɗaure da baƙin bango, ƙura ta ci. Ƙungiyar ɗalibai za ta iya zama da shugabannin sassa a nemi izinin furojet na haɗin gwiwa, ɗan zanen gini ɗaya, ɗan zanen kaya ɗaya, da maƙeri na gaske a gari, a fito da abin da za a riƙe a hannu. Na san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba na cewa kowa ya shiga daji neman tsohon gini, ni kaina ba na bin hanyar gida in rana ta yi sanyi. Amma kowa in ya je hutu akwai tsohuwa a gidansu, akwai tsohon zaure a unguwarsu. Ɗauki hoto, ajiye rula a gefe don a san girma, tambayi wa ya yi, a ina, da me. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Jibiya zai bi. Ranar da jirgi ya fara tsayawa, fasinja zai sauko yana neman abin da zai kai gida, kuma wani zai sayar masa. Ban ga dalilin da zai sa ba mu ba ne.

Ni dai na fara da kaina. Hutun da ya wuce na zana zobe mai ɗaurin guga, na fitar da shi a takarda ta gaba da ta gefe da ta sama, da awo har na milimita, na kai wa wani dattijo maƙerin fari a garinmu, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage, wanda yanzu rabin aikinsa like maƙalin sarƙar roba ne. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya daɗe yana kallo, ɗan jikansa na jan zugazugi.

Ya ce, "'Yata, wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "A makaranta ne, Baba."

Ya ce, "Zanen ya yi. Amma ƙafafun nan naki sun yi siriri a gindi. Ranar da aka yi wanki da shi za su baje, dutsen ya faɗi. Ƙara musu kauri a ƙasa, ki bar saman yadda yake."

Gyaran da aka yi mini ke nan a sitidiyo da jan biro, a kan zanen ginshiƙi, sati uku kafin nan. Na gyara na mayar masa. Ya ce azurfar a kaina, aikin kuma sai ya ga yadda ta kama kafin ya faɗi kuɗi. Na biya rabin kuɗin azurfar daga abin da na tara lokacin SIWES, sauran sai bayan jarrabawa. Wanda ke da hoton tsohon zobe ko munduwa ko bangon gidansu, ya same ni a sitidiyon 'yan ajin ƙarshe ranar Alhamis bayan la'asar. Na buɗe fayil, hoto tara ne a ciki zuwa yanzu, huɗu daga ciki yatsar Inna ce.